Matar da Ba Ta Fita a Hoto

Shekara talatin da takwas Mai Agogo ya yi a rumfa ɗaya, a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene da ke bakin kasuwa, tsakanin mai yankan makulli da shagon Mai Hoto. Rumfar ba ta wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Tebur ne mai gilashi, da kujera, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai agogon bango guda goma sha ɗaya waɗanda masu su suka kawo gyara ba su sake waiwayowa ba. Dogon mutum ne mai sanyin jiki, magana sai an ciro ta daga bakinsa. In ya maƙala gilashin nan a ido ya duƙa kan agogo, kana iya zuwa ka gaishe shi ka tafi bai san ka zo ba. Hannunsa kuwa ko gezau. Da matsefata yake ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, ya kai ta raminta bai numfasa ba.

Matarsa kuwa, Allah da ikonsa, ba ta san zama ba. Tun tana ƙarama 'yan gidansu suka laƙaba mata Tsuntsuwa, sunan ya bi ta gidan miji, ya bi ta har makarantar da ta yi shekara ashirin da biyar tana share azuzuwa. 'Yar ƙaramar mace ce mai saurin baki da saurin ƙafa. A tsaye take cin abinci. In ta yi maka sannu da zuwa a falo, amsarka a kicin za ta iske ta. Mai Agogo kansa yakan ce rabin hirar aurensu da bayanta ya yi ta. 'Ya'ya uku suka haifa. Maza biyu suna can nesa wajen neman na kansu, sai Auta, mace, da ke aikin ofis a wani gari mai tafiyar awa uku.

A duk gidan nan babu hoton Tsuntsuwa ko ɗaya na kirki. A hoton aurensu shi ya fito tsaf kamar an dasa shi, ita kuwa ta juya za ta gyara wa wata ɗankwali, fuskar ta zama kamar an shafe ta da ɗan yatsa. A katin aikinta hatimi ya danne rabin fuskar. Sauran hotunan taro kuwa, ko dai ta tashi ɗauko wani abu, ko gefen zanenta ne kawai ya shiga. Abin dariya ne a wurin yaran, shi ma yana taya su.

Dariyar ta ƙare masa wata rana da hantsi. Wata tsohuwa ce ta kawo agogo rumfa, tana jira sai ta yi wani ɗan tari irin na mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekara goma sha biyu kafin nan. Ya ɗaga kai ya nemi fuskar mahaifiyar a zuciyarsa, ya rasa. Ɗankwalin yana nan, muryar tana nan, har tabon ƙuna da ke bayan hannunta yana gani, amma inda fuska take sai fili fetal. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Bai gaya wa kowa ba. Da ya koma gida ya zauna yana kallon Tsuntsuwa tana shiga tana fita, ya rantse a ransa ba za a yi masa haka sau biyu ba. Sai ya mallaki hoto ɗaya tak na matar nan, fuska a fili, ido da hanci da baki kowa a wurinsa.

Lokacin sana'ar ma ta fara ja da baya, don kowa a wayarsa yake duba lokaci, yakan yini bai buɗe bayan agogo biyu ba. Auta ta ji yana ta tambayar yadda kyamara take aiki, sai ga ta wata Asabar da wata baƙar kyamara ta hannu, irin wadda ake ganin hoton nan take a ɗan allon da ke bayanta. Da aka kunna, kyamarar ta nemi a saita mata kwanan wata da lokaci. Mai Agogo ya taɓe baki ya ce agogon da ba a buɗe bayansa a ga cikinsa ba agogo ba ne, a wuce wurin. Ga kuma wata ɗabi'a da ya zo da ita daga rumfa. Ya ga agogo ɗari da batir ya fashe a ciki ya cinye su, saboda haka duk sanda ya gama ɗauka sai ya zare batirin ya naɗe a tsumma. Kyamara kuwa da an zare mata batir sai ta manta kwanan wata ta koma ranar farko. Shi ya sa duk hoton da mutumin nan ya taɓa ɗauka, kwanan wata ɗaya ne a gindinsa. Mai gyaran agogo ke nan fa.

Malaminsa shi ne maƙwabcinsa Mai Hoto, wani gajere mai tumbi da surutu, wanda ya shekara talatin yana ce wa mutane su ɗaga haɓa. Da farko tsokana ya yi ta yi, wai tsoho ya ga kasuwar agogo ta mutu zai zo ya ƙwace masa tasa. Amma da ya ga da gaske ake, sai ya jawo kujera.

"Ka ga, mutumina, kyamara ido ce," in ji shi. "In haske ya yi yawa, sai ta ƙyafta da sauri. In duhu ne, dole ta bar idon a buɗe ta daɗe tana kallo. Abin da ya tsaya cak za ta riƙe shi. Abin da ya motsa kuwa narkewa zai yi."

Wannan magana ta shiga Mai Agogo, don ashe abin duk lissafin lokaci ne, lokaci kuwa gidansa ne. Ya fara gwaji da agogunan bangonsa. Jikin agogo ya fito raɗau, abin lilon da ke ƙasa ya zama farin hayaƙi. Ya juya kyamarar kan matakalar benen, inda mutane ke hawa da sauka ba fashi, ya bar idon a buɗe. Da ya duba allon sai ga matakala wayam, babu kowa, sai takalman mai yankan makulli da ya cire ya ajiye a gefe. Alhali da idonsa ya ga mutum biyar sun wuce. Tsigar jikinsa ta tashi, amma ya ji daɗin abin.

Matsalar gidansu duhu. Gidan haya ne a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo da kicin, kuma tun da aka gina dogon bene a gefensu rana ta daina shigowa, sai wajen ƙarfe huɗu na yamma take ratsowa ta tsakanin gine-ginen biyu ta leƙo 'yar tagar kicin. Ranar farko ya kunna fitilar kyamarar, ta yi wal a fuskar Tsuntsuwa, kofi ya suɓuce mata ya fashe. Ta ce in ya ƙara kunna mata wannan walƙiyar a ido, ta taga za ta wurga shi da abin nasa gaba ɗaya. Ya san za ta iya. Sai Mai Hoto ya ara masa wata tsohuwar sandar kyamara mai ƙafa uku, ƙafa ɗaya ɗaure da roba, ya auna masa hasken ya ce a irin wannan duhu sai sakan huɗu.

Daga nan abin ya zama aikin kullum. Ƙarfe uku da rabi ya rufe rumfa, ƙarfe huɗu ya kafa sandar a ƙofar falo tana kallon kicin, ya sa batir, ya matsa gefe don kada ya tare mata hanya, ya roƙe ta ta tsaya. Sakan huɗu fa kawai. Ta ce tukunya ba ta san sakan huɗu ba. Wani lokaci don ta rabu da shi takan tsaya, hannu a ƙugu, amma kafin ya ƙirga biyu ta tuna da wani abu a kan wuta.

Hotunan da suka riƙa fitowa, ni dai ba zan so a rataya mini su a ɗaki ba. Kicin ɗin yana nan tsaf, ana iya ƙirga ramukan matacin da ke rataye a ƙusa. Amma matar gidan ta zama wani farin zare da ya taso daga murhu ya lanƙwasa ya fita ta ƙofa. A wani hoton hannu ne kawai a kan murfin tukunya, babu jiki. A wani kawuna biyu ne, ɗaya na kallon taga ɗaya na kallonsa, kowanne babu ido. Akwai wanda ta fito a tsaye a bakin ƙofa, amma ana hango kantar kwanoni ta cikin ƙirjinta. A waɗansu kuwa babu ita sam. Kicin ne kawai, da hasken yamma a bango, da ɗan hazo-hazo a wajen ƙofa wanda sai ka ƙura ido za ka gani. Kuma yana tsaye a wurin, ya san tana ciki, har faɗa take yi masa lokacin da ya danna.

Duk ranar Litinin yakan kai ɗan katin da kyamarar ke ajiye hotuna a ciki wurin Mai Hoto a wanke masa, don shi bai yarda da hoton da ba ya riƙewa a hannu ba. Mai Hoto ya ce ɓarnar takarda ce, ya ce a wanke dai.

Wata rana yayar Tsuntsuwa ta zo yini. Yaya suke ce mata su duka, tsohuwa ce mai yawan tsoro, kuma tsakaninta da mijin ƙanwarta akwai wasa. Don ya ba ta dariya ya miƙa mata hotunan. Ta duba na farko, ta duba na biyu, da ta kai kan mai kantar kwanoni sai ta kife su a cinya. Can ta ce masa, ba da wasa ba, ya daina wannan abu. Ta ce ita ba ta san kyamara ba, amma ta san ba a mai da mai rai haka. Kullum ka ɗauka kullum ka rage ta, in ji ta, ina kake zaton sauran yake tafiya? Tsuntsuwa ta leƙo daga kicin ta ce Yaya ta ƙyale shi, in ma rage ta yake yi ai ya rage mata aiki. Aka yi dariya. Amma da Yaya za ta tafi ta ƙi bi ta gaban sandar, sai da aka kawar mata.

Mai Agogo ya ce zancen tsofaffi ne, kamar shi yaro. Duk da haka maganar ta zauna masa. Ya yi kwana uku bai kafa sandar ba, a na huɗu ya tuna filin nan da ke inda fuskar mahaifiyarsa take, ya ɗauko batir.

Wajen wata na biyar aka fara samun canji. Ƙafafunta ne suka fara fitowa, silifas biyu a gaban murhu, tsaf, har da ɗinkin da aka yi wa ɗaya. Bayan sati biyu sai ga hannu dafe da bakin tebur, yatsu biyar cif, da zoben azurfarta. Sannan kafaɗa. Sannan wata rana ga ta nan kusan dukanta, jingine da bango kusa da taga, zanen atamfarta ya fito fure-fure, fuskar ce kawai ta ɗan kauce. Murna a wurin Mai Agogo ba a magana. Mutumin da ba ya magana sai ga shi yana tare mai yankan makulli yana nuna masa allo. Ya ce hannu ya faɗa, saura ƙiris.

Ran Litinin ya shimfiɗa wa Mai Hoto sababbin a kan kantar shagon, ya ce ɗalibi ya kusa wuce malami. Mai Hoto ya fara dariya, ya ɗauki kyamarar ya danna nan ya danna can yana duba yadda aka saita ta. Sai dariyar ta tsaya. Ya jera hotunan daga na farko zuwa na ƙarshe, ya daɗe yana kallo, abin da ba halinsa ba.

"Ka taɓa saitin nan?"

"Ban taɓa ba. Yadda ka bar shi."

"Sakan huɗu ne har yanzu," in ji Mai Hoto a hankali. "Wuri ɗaya, haske ɗaya. Mutumina, ba kai ka canza ba. Ita ce ta fara tsayawa."

Mai Agogo ya matso kusa. Ya sake duban hotunan, yanzu da idon da yake duba agogon da ya fara jinkiri. Hannun nan ba ajiye yake a tebur ba, dafawa ya yi. Jinginar nan ba ta hutu ba ce. Shekara arba'in yana tare da matar nan bai taɓa ganin ta jingina da bango ba, kuma wata biyu ke nan tana yi a gabansa kullum, shi yana can bayan kyamara yana murna. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe shi. Ya tattara hotunan ya fita, ko rumfa bai kulle ba, sai mai yankan makulli ne ya ja masa ƙofar.

Ya iske Tsuntsuwa a kan matakalar gidansu, a tsakiya, zaune, da ledar cefane a gefe. Da ta gan shi ta yi zumbur za ta miƙe, ta ce igiyar takalminta ce ta tsinke. Ya dubi takalmin, lafiyarsa ƙalau. Ya zauna kusa da ita a kan matakalar, ya tambaye ta tun yaushe. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce ya kai wata shida numfashinta ke yankewa, ƙirjin yana yi mata nauyi kamar an ɗora dutse, amma ba ta ga amfanin tayar wa mutane da hankali ba. Ta ce ta ɗauka ma ya gani tuntuni, tun da kullum ido a kanta yake.

Aka kira Auta, aka tafi asibiti. Likita ya yi gwaje-gwajensa ya ce zuciya ce, ta kumbura ta gaji, kuma an zo a makare. Ya ba da magunguna ya ce ta huta, kada ta ɗaga ko bokiti. Tsuntsuwa ta ce wannan likita bai san da wa yake magana ba. Amma jiki ya fi ƙarfin baki. Yaya ta tare a gidan tana girki, ita kuwa aka ajiye mata kujera a ƙofar kicin, daga nan take ba da umarni, gishiri ya yi yawa, a rage wuta, ba nan ake ajiye wuƙa ba. Yaya ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba. Da ma ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya naɗe kyamarar ya tura ƙarƙashin gado, ya ƙudurta ba zai ƙara taɓa ta ba.

Wata yamma, Yaya ta sauka sayen sabulu, hasken nan ya ratso ta taga ya sauka daidai kan kujerar. Tsuntsuwa ta kira shi. Ta sa sabon ɗankwali, har kwalli ta zizara.

"Baban Auta, ɗauko abin naka. Ga ni na zauna."

Ya ce a bari sai ta warke. Ta ce kada ya raina mata hankali, wata nawa yana binta da sanda mai ƙafa uku kamar maroƙi, yau ta ba shi kuma zai yi mata yanga? Ya ɗauko. Sai da ya gwada sau uku kafin batir ya shiga. Ya danna, ya ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Da ya duba allon sai ga ta nan dukanta, ido da hanci da baki, da 'yar tawadar da ke ƙarƙashin idonta na hagu, da furfura uku da suka leƙo daga ɗankwali. Hoto ne wanda Mai Hoto kansa bai taɓa ɗaukar kamarsa ba. Ta ce ya nuna mata. Ta kalla ta ce ashe haka take, ba laifi. Shi kuwa ya shiga banɗaki ya buɗe famfo don kada ta ji shi.

Kwana goma sha tara bayan nan ta rasu, da safe, a kan kujerar, tana cikin gaya wa Yaya inda ake ajiye mataci.

Da aka share makoki yaran suka sa aka wanke hoton babba, aka sa shi a gilashi aka rataya a falo. Duk wanda ya shigo sai ya ce kamar ta yi magana. Mai Agogo ya samu abin da ya rantse zai samu, kuma ba ya iya kallonsa. Fuskar tata ce, babu shakka, ba zai manta ta ba yanzu. Amma matar da ke cikin gilashin a zaune take, hannu a cinya, tana jira. Shi bai auri mace mai jira ba. In ya shigo falon sai ya bi ta gefe, kansa a ƙasa.

Yaya ta koma gidanta, yaran suka watse, gida ya rage shi kaɗai. Ba da niyya ya koma wa kyamarar ba. Ƙarfe huɗu ne ya yi wata rana, ya ɗora ruwan shayi, sai ya tsinci kansa ya kafa sandar a ƙofar falo. Ya danna. Kicin ya fito tsaf, da mataci a ƙusa, da haske a bango, babu kowa. Washegari ya sake. Ran Litinin ya kai katin, Mai Hoto ya wanke masa. Ambulan biyu ya ware a cikin aljihun tebur. Ɗaya na hotunan da, waɗanda kicin ya fito wayam alhali tana ciki, guda ashirin da uku. Ɗaya na yanzu, waɗanda babu kowa da gaske. Waɗannan sun kai arba'in lokacin da Auta ta zo hutu.

Auta 'yar uwarta ce wajen rashin zama. Yana rumfa ta kama gyaran gida, ta buɗe aljihun tebur ta ga ambulan biyu sun yage, cike da hoto iri ɗaya, kicin, kicin, kicin, har kwanan watan da ke gindinsu ɗaya. Ta zazzage su ta haɗa, ta jera a cikin wani gwangwanin biskit mai murfi don kada ƙura ta ɓata su. Da ya dawo ta nuna masa tana jiran yabo.

Bai taɓa ɗaga wa yarinyar nan murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma ta ga fuskarsa ta san ta yi ɓarna. Ya zauna ya zube su a tebur, ya ɗauko gilashin aikinsa ya maƙala a ido. Da ya yi mata bayani sai ta sa kuka. Ya ce ta yi shiru, akwai alama: waɗanda uwarta ke ciki suna da ɗan hazo a wajen ƙofa. Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, mai hazo dama, mara hazo hagu. Aikin ya ci kusan awa guda. Da ya gama ya ƙirga na dama. Ya sake ƙirgawa. Ya ba Auta ta ƙirga.

Talatin da ɗaya.

Alhali hotunan da uwarta ke ciki ashirin da uku ne kawai. Auta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ƙila tururin buta ne, tun da yana ɗora shayi. Ko labule. Ya ce tagar kicin ba ta da labule, ita ma ta sani. Da aka kai wa Mai Hoto labari washegari, shi ma tururi ya ce, ko ƙura a gilashin kyamara, amma bai yarda ya riƙe hotunan ya duba ba, wai hannunsa da maiƙo.

Auta ce ta tuna da katin. Ta ce kyamara tana ba kowane hoto lamba bi da bi, ko da kwanan wata ya rikice. In ta sa katin a kwamfutarta, cikin minti goma za ta ware masa na da da na yanzu, a san takwas ɗin nan daga ina suke. Har ta jawo jakarta ta buɗe.

Mai Agogo ya daɗe yana kallon tulin nan biyu. Sannan ya sa hannu ya haɗe su wuri ɗaya, ya cakuɗa su kamar mai raba karta, ya mayar cikin gwangwanin ya rufe.

"Bar su haka, Auta."

"Baba, ba ka so ka sani?"

"Na sani," ya ce. "Uwarki ba ta fita a hoto in tana da aiki."

Da za ta koma ya sauke babban hoton daga bango, ya naɗe shi da zane ya ba ta, ya ce ta rataya a gidanta, jikoki su san fuskar kakarsu. Ƙusar tana nan a bangon har yanzu, bai cire ba.

Yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, rumfar ma sai jefi-jefi yake buɗewa. Gwangwanin biskit ya cika, an shiga na biyu. Maƙwabta sun saba, in sun ji ƙarar ƙafar sandar nan a kan siminti sun san ƙarfe huɗu ya yi. Yakan kwance batir daga tsumma ya sa, kyamara ta tambaye shi kwanan wata ya wuce wurin. Ya daidaita ta tana kallon kicin. Kafin ya danna kuma sai ya tattare rigarsa ya matsa gefe, ya manne da bango, ya bar ƙofar a buɗe yadda mutum mai sauri zai wuce ba tare da ya buge shi ba.